Ranar da Baba Ya Ga Bakin Ganye

Har yau, duk inda na ji warin jan farce, ko a shagon kitso ne ko a cikin motar haya wata ta buɗe 'yar kwalbarta, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Nasarawa a Kaduna, rana ta take, ina durƙushe a gefen tabarma da ganyen masara a hannuna. Wari ne mai kaifi, yana shiga hanci ya hau kai, mutane da yawa ba sa son sa. Ni kam ba ya damuna. Yana dawo mini da wata rana da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina, ranar da mahaifina ya ga bakin ganye da idonsa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ce. Duk inda ka bi zancen ke nan, a rediyo, a teburin mai shayi, a cikin bas ɗin Kakuri. Wannan ya ce za a gyara wuta, wancan ya ce masaƙun da suka fara tangal-tangal za su miƙe. Gari ya cika da fata. Mu kuwa a gidanmu ba mu da wani labari sai numfashin Baba.

Tun yana saurayi Baba yake aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen da ake tsefe auduga. Ina yarinya, in ya dawo da yamma nakan cire masa farin ɓurɓushi daga gira da gemu, ina dariya ina cewa ya tsufa a wuni ɗaya. Ban san abin da nake cirewa a waje yana taruwa a ciki ba. Lokacin da nake ba da labari ya riga ya bar aiki, likita ya ce huhun ya gaji, sai dai lallaɓawa. In yana numfashi kamar ana jan tsohon zuga-zugi, kana tsakar gida kana ji. Muka saba da wannan ƙarar har ta zama ita ce agogon gidan. In ta canja, Umma takan ajiye duk abin da ke hannunta.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, kowa na kiranta Maman 'Yan Biyu, mijinta makanike ne. Sana'arta suyar kifi, kuma shekara da shekaru a tsakar gidan take kafa murhunta, a ƙarƙashin 'yar rumfa. Da tarin Baba ya tsananta, ba wanda ya ce mata komai, wata safiya muka ga ta kwashe murhu da kasko da itace ta koma bakin titi, kusa da lambatu, inda ba inuwa ba rumfa. Umma ta je ta ce mata don Allah ta dawo, damina ce. Ta ce, "Umma, bar shi. Hayaƙi ba ya yi wa Baba Malam kyau. Ni ruwa ba ya kashe ni."

A bayan gidan akwai wani ɗan fili tsakanin katanga da hanyar ruwa, nan Baba yake shuka masara kowace damina. Ba wata gona ba ce, amma yana ji da ita, ba ya yarda ko ganye ɗaya a tsinka. A shekarar ni da Umma muka yi shukar, shi yana leƙe ta taga yana gyara mana tazara da hannu. Da masarar ta kai ƙugu, ya daina leƙawa. Ya daina kunna rediyo. Ya juya fuskarsa bango, abinci sai an yi da gaske ya karɓi cokali biyu. Ba ciwon ne ya fi tsorata ni ba, wannan juya bayan ne. Kamar mutum ya riga ya yi sallama, yana jiran mota kawai.

Ni a lokacin ina kwalejin horar da malamai, an tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandare da ke wajen Kakuri, a ƙarƙashin wata malamar ilimin halittu da kowa ke kira Madam. Na ɗauki wata al'ada: in na dawo, sai in zauna a bakin gadon Baba in riƙa maimaita darasin da zan koyar gobe da ƙarfi, wai ina gwaji, alhali so nake ɗakin ya ji muryar wani abu ban da zuga-zugin nan. Ba ya tankawa. Wata yamma bayan la'asar darasin ya faɗo kan ganye.

Na ce, "Kowane ganye yana da 'yan ƙananan bakuna a jikinsa, ido ba ya ganinsu. Ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa yake fita. Kowane baki yana da masu gadi biyu. In sun sha ruwa sun kumbura, baki ya buɗe. In sun saki, ya rufe. Shi ya sa in rana ta take, ƙasa ta bushe, sai ganye ya rufe bakunansa don kada ruwansa ya ƙare."

Sai na ji gado ya motsa. Baba ya juyo a hankali, karo na farko cikin kwanaki da ya dube ni ido cikin ido.

"Ƙarya ne," in ji shi.

Ya ja numfashi, ya sake ja, sannan ya ci gaba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Ba ke na ƙaryata ba, Uwata. Littafin. Lokacin da zafi ya fi tsanani, lokacin ne mai rai ya fi neman iska. Wa zai rufe baki a sannan? Tambaye ni."

Na ce, "Baba, an gani da na'ura fa."

"Wa ya gani? Ke kin gani?"

"Na ga hoton."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Da ya lafa ya ce, "Hoto. To kawo na'urar in gani da idona. In a rufe yake, na yarda na faɗi."

A wannan yammar ya sha kunu rabin kofi, yana sha yana gunaguni a kan masu rubuta littafi da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana kuma ba ta cika dubana a gaban mutane ba, amma da na fito ta bi ni har wajen randa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, wannan abin da ya ce, ana samunsa?"

Ana samunsa, amma ba da sauƙi ba. Na'urar ita ce wadda ake kira madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa. A makarantar guda ɗaya ce ta rage mai aiki, sauran duk gilasansu sun yi funfuna. Tana cikin kabad, mabuɗin na rataye a wuyan Madam tare da ɗan gicciyenta. Madam mace ce mai tsanani, ɗalibai ba sa ko tari a ajinta. A Kaduna aka haife ta, a unguwar Television take zaune, Hausarta kuwa ta fi ta wasunmu. Na kwana biyu ina juya yadda zan fara. Da na samu na faɗa, ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin san ko shugaban makaranta ba ya fita da ita?"

"Na sani, Madam."

"In ta faɗi, yara nawa ne za su rubuta jarrabawa ba su taɓa leƙa ta ba?"

Na sunkuyar da kai, na fara neman hanyar ba da haƙuri. Sai ta ce, "Baban naki, yana iya zama?"

Na ce in an jingina shi.

"To ranar Asabar. Zan nemi izini, kuma ni zan kawo ta da hannuna. Ke ba na yarda da ke, kina tafiya kina kallon gajimare."

Ranar Asabar Madam ta zo da hantsi, na'urar a cikin kwando, an naɗe ta da zani kamar jaririya, a cinyarta ta riƙo ta tun daga Television. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, sama ta yi fari tas, zafi na tashi daga ƙasa. A raina na ce yau littafi zai yi nasara, har na fara tausayin Baba.

Yadda ake aikin ba wuya. Ana shafa jan farce mara launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a manna salatif a ɗago shi. Sai ya taho da zanen fatar ganyen kamar yadda laka ke riƙe sawun ƙafa, a manna a ɗan gilashi a duba. Madam ta ciro kwalbar makaranta, ta buɗe, ashe ta daskare kamar ƙaro. Ta girgiza, ta kifa, ko ɗigo. Muka dubi juna. A gidanmu ba a taɓa ajiye jan farce ba, tunda yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle muka sani. Umma da ta ji abin da ake nema sai da ta ce, "A'uzubillahi, a ɗakina?"

Na fita bakin titi wajen Maman 'Yan Biyu, tana tsugune a rana tana wanke kifi. Da na faɗi buƙatata ta saki wuƙa ta tafa hannu.

"Eh-heh! Malama za ta yi gayu yau! Wane ne saurayin? Abeg faɗa mini, ba zan gaya wa Umma ba."

"Mama, ganye zan shafa wa."

"Ganye? Chineke! Boko ya yi yawa." Ta miƙe tana goge hannu a zani. "Mara kala babu. Amma akwai nawa na zuwa coci, ruwan hoda ne, ba ya da kauri. Zan zo in ga wannan ganye mai kwalliya."

Madam ta ɗaga kwalbar a haske ta ce zai yi.

Na'urar ba ta wutar lantarki ba ce, wani ɗan madubi ne a ƙasanta yake tara hasken rana, don haka dole a tsakar gida za a yi. Umma ta shimfiɗa tabarma a bakin inuwar ɗakinmu, ta jera matasai. Ni da ita muka kamo Baba. Sai a lokacin na san yadda ya ƙare, hannunsa a wuyana ba nauyi, kamar an ɗora mini gyale. Rabonsa da tsakar gida tun kafin masara ta tsiro. Ya runtse ido saboda haske, ya zauna yana haki, ya daɗe kafin ya iya gaida Madam. Da ya samu sarari ya ce, "Madam, sannu da ɗawainiya. Ke ce za ki yi mana alƙalanci."

"Ni shaida ce kawai, Baba. Idonka ne alƙali."

Na ɗauki kwalbar zan zagaya bayan gida, don a makaranta a jikin shuka ake shafawa, ganye na nan a maƙale da karansa. Baba ya ɗaga hannu.

"Ina za ki? Ki je can ki shafa, ki dawo mini da abin da ban ga yadda aka yi ba? A'a. Ku 'yan boko ba a ba ku baya. A gabana za a yi komai."

"Baba, ai ba za ka iya zuwa wajen masarar ba."

"To masarar ta zo. Yanko ganye ɗaya."

Umma ta dube shi. Mutumin da ya taɓa yin kwana biyu ba ya magana da ni don na tsinki ganye na yi busa da shi. Madam ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, na ga ta dubi ƙirjinsa yadda yake hawa da sauka, sai ta ce, "Je ki yanko. Yi sauri kawai."

Na zagaya da reza. Masarar na tsaye cikin zafi, gefen ganyayen sun fara ɗan naɗewa. Na zaɓi wani mai faɗi daga tsakiya, na yi bismillah na yanke, na dawo da sauri. Na durƙusa a can ƙarshen tabarma, ta inda iska ba za ta kai masa warin ba, na shafa ruwan hodar nan a bayan ganyen. Duk da haka warin ya cika tsakar gida. Baba ya yi tari har Umma ta ce a bari, ya girgiza kai. Muka zauna muna jiran ya bushe, muna jin zuga-zugin ƙirjinsa da kukan wata kurciya a kan rufin kwano. Sannan Madam ta manna salatif, ta ɗago, ta ɗora a gilashi, ta juya ɗan madubin har haske ya shiga. Ta daidaita, ta leƙa. Na ga girarta ta ɗaga. Ta tura na'urar gaban Baba a kan 'yar kujerar tsuguno.

Da farko idon da zai leƙa da shi ya rufe, Maman 'Yan Biyu ta kwashe da dariya, shi ma ya yi. Na riƙe masa kafaɗa, ya sunkuya. Ya daɗe. Ya daɗe sosai har na ji tsoro, domin zuga-zugin ya yi ƙasa kamar ya manta da numfashi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali, bai ɗago ba. "Wannan ai saƙa ce. Layi-layi. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Uwata, shekarata nawa a masaƙa ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba."

Na ce, "Ka ga wasu abubuwa kamar taɓarya biyu a kwance gefe da gefe? Su ne masu gadin. Tsakaninsu ne bakin."

"Na gansu." Sai kafaɗarsa ta fara rawa a hannuna. Na zaci tari ne, ashe dariya ce. Ya ɗago, idonsa da hawaye, ya nuna na'urar. "Zo ki ga littafinki."

Na leƙa. Ga su nan a jere, kowanne da taɓaryarsa biyu, ruwan hodar ya ba su launi kamar leɓɓan jariri. Kuma a buɗe suke. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk inda na matsa gilashin haske na ratsowa ta tsakaninsu. Rana tsaka, ƙasa a bushe, ga bakuna a wangale. Na ɗago na dubi Madam. Ta ɗan ɗaga kafaɗa.

"Baba ya ci," in ji ta.

Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba. Maman 'Yan Biyu ta rangaɗa guɗa irin tasu, ta ce dole ita ma ta ga abin da jan farcenta ya yi. Har Umma, bayan an yi ta roƙonta, ta leƙa da gefen mayafi a baki, ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Baba kuwa ya ƙi sakin na'urar. Ya sake sunkuyawa, yana kallo kamar mai duba yadi kafin ya saya.

"Madam, waɗannan fa? Kowane baki akwai wasu biyu a gefensa, ɗaya nan ɗaya can, kamar an kifa 'yan ƙore. Su ma masu gadi ne?"

Ni ban ma lura da su ba. A hoton littafinmu ba a sa musu ko kibiya ba.

Madam ta ce, "A'a, Baba, maƙwabta ne. Ba a cika tambayarsu a jarrabawa ba, shi ya sa yara ba sa kula su. Amma mai gadi ba ya kumbura da iska. In baki zai buɗe, waɗannan na gefen ne suke ba shi wani irin gishiri da ke jikinsu, ruwa ya bi gishirin. Su sai su motse, su ja baya, su ba shi wuri. In ba su matsa ba, komai ƙoƙarin mai gadi, bakin ba zai buɗu sosai ba."

Baba ya ɗago a hankali. Bai dubi Madam ba. Ya dubi tsohuwar rumfar da ke tsakar gida, inda baƙin murhu yake har lokacin a ƙasa, sannan ya dubi Maman 'Yan Biyu, wadda rana ta ƙona wa goshi.

"Su motse," ya ce, "don wani ya yi numfashi."

Ita ba ta gane da ita ake ba, ko kuma ta gane ta basar. Ta ce, "Baba Malam, tunda ka ci, me za ka ci?"

Ya ce fate yake so, da kifinta a kai.

Ranar Baba ya yi azahar a zaune a tsakar gida. Ya ci fate har ya nemi ƙari. Ya sa aka kunna rediyo, ya yi musu da mai labarai a kan sababbin 'yan siyasa, ya ba Madam labarin zuwansa Kaduna da 'yar jakarsa, lokacin da bayan Kakuri duk daji ne. Umma na ta kai da kawo, fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ni ma a raina na ce sauƙi ya zo.

Da muka mai da shi ɗaki, barci ya ɗauke shi, Madam ta yafito ni. Abin bai bar ranta ba, ni ma haka. Muka zagaya bayan gida, rana na nan da zafinta, muka shafa jan farcen a jikin wani ganye na wannan karan da na yanko ganyen farko daga jikinsa, wannan karon yana maƙale da uwarsa. Muka jira, muka ɗago, muka duba a gindin katanga. Bakunan a tsuke suke, kowanne kamar an ja layi da bakin allura.

Madam ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Littafinki bai yi ƙarya ba. Amma idon babanki ma bai yi ƙarya ba, ni ma na gani."

"To me ya faru, Madam?"

"Ban sani ba," in ji ta. Ban taɓa jin wani malami ya faɗi haka ba kafin ranar. Ta miƙo mini gilashin. "Ga shi. Gaskiyarki ce. Me za ki yi da ita?"

Na tsaya da shi a hannu. Baba ne ya koya mini kada in ɓoye abin da na gani, shi ne ma dalilin musun tun farko. Ta taga ina jin numfashinsa, yana tafiya a hankali, ba gargada kamar kullum. Na ɓanɓare salatif ɗin, na murza shi a tsakanin yatsu, na jefa a gindin masara. Madam ta shiga naɗe na'urarta da zani.

Bayan la'asar na kai masa ruwa. Ya karɓa, ya dube ni ta saman kofi.

"Na ji motsinku a bayan taga. Kun koma ku kama ni, ko?"

Na ce, "Mun koma, Baba."

"To?"

"Ganyen da ka gani da idonka, a buɗe yake. Madam ma ta shaida."

Ya daɗe yana kallona, wani murmushi na wasa a gefen bakinsa. Har yau ina ganin ya gane. Ya ce, "Haka ne, Uwata. Wanda na gani a buɗe yake." Bai sake tambaya ba.

Sauƙin bai daɗe ba. Washegari ya koma kwance, amma bai sake juya fuskarsa bango ba, taga yake kallo. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin saƙar da ke jikin ganye da yadda ya ka da 'yan boko. Kafin masarar ta fitar da goyo, wata safiya Umma ta ajiye tsintsiya ta tsaya cak a tsakar gida. Ƙarar da muka saba da ita ta ɗauke. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Maman 'Yan Biyu ba ta kunna wuta ba har aka yi sadakar uku, kuma ko bayan nan ba ta mai da murhunta tsakar gida ba. Ta ce ta saba da titi.

Shekarar da ta biyo baya rikici ya ɓarke, garin ya hargitse, maƙwabta suka rabu, mu muka ƙetare gada zuwa arewacin kogin Kaduna, su Maman 'Yan Biyu suka koma wajen Sabon Tasha. Sau da yawa nakan gode wa Allah da Baba bai ga wannan ba. Ya tafi yana ganin duniya saƙa ce da ba zaren da ya tsinke.

Na zama malama, na koyar da darasin ganye sau ba adadi, kuma ban taɓa zana baki a allo ban zana maƙwabtansa ba, ko da ba za su fito a jarrabawa ba. Abin da wannan rana ta koya mini ke nan: ba wanda ke numfashi shi kaɗai. Duk wanda ka ga ya samu sararin shaƙar iska, duba gefensa, akwai wanda ya matsa. Ta kuma koya mini cewa ba kowace gaskiya ce ake gaggawar miƙa wa mutum ba, musamman wadda kai ma ba ka gama fahimtarta ba.

Ni kuwa ban fahimci tawa ba sai bayan shekaru masu yawa, na koma jami'a ƙaro karatu, ina da 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa. Wani malami yana bayani a kan ruwa a jikin tsiro, ya faɗi abin a taƙaice ya wuce, kamar ba komai ba. Ya ce maƙwabtan nan ba bayarwa kawai suke yi ba. Muddin suna cike da ruwa, suna dafe da masu gadi, suna tokare su ta gefe. In aka yanke ganye daga karansa, ruwa ya daina zuwa, su ne suke fara saki. Sai tokarar ta kau, bakin ya wangale fiye da yadda yake, ba don ganyen ya samu sauƙi ba, sai don abin da ke riƙe da shi ya saki. Na ɗan lokaci ne kawai, sannan masu gadin su ma su saki, bakin ya rufe, ba zai sake buɗewa ba.

Na ajiye biro. Ajin ya ci gaba, ni kuwa ina tsakar gidanmu na Nasarawa, ga fate a kwano, ga rediyo na magana, ga Baba na dariya. Ashe ganyen da na yanko masa numfashinsa na ƙarshe yake ja, mai faɗi, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne jan farcen Maman 'Yan Biyu ya bushe a kansa.